Takardun Inna a Kujerar Baya

Abin ya fara ne ranar Talata, da misalin ƙarfe ɗaya da rabi na rana, a wata tashar tasi cikin birnin Kano. Daga Bukkuyum na kawo Inna ganin likitan ido. Wata uku muka yi muna jiran wannan rana, kuma an gargaɗe mu cewa wanda bai gabatar da takardar turawa da sakamakon gwaji kafin ƙarfe uku ba, sai ya sake bin layi daga farko. Idonta na hagu ya riga ya rufe; na dama muke ƙoƙarin cetowa.

Muka shiga tasin da ke lodi, ana jiran ƙarin mutum huɗu. Sai aka kira azahar.

"Fa'iza, mu sauke farali," in ji Inna. "Aje takardun bisa kujera, a san da mutane."

Haka muke yi a gida. A tasharmu, wanda ya bar jaka ko gyale a kujera ya kama wuri, kuma direba ba ya tayar da mota alhali fasinjansa yana gaban Ubangiji. Na ajiye ambulan ɗin da takardun ke ciki, na faɗa wa direban, ya ɗaga mini hannu yana waya. Muka tafi sallah, ba mu yi minti goma sha biyar ba.

Da muka dawo, wata mota ce a wurin.

Na nufi kamashon da ke tsara lodi, wani dogo da ake kira Makau. "Malam, ina motar da ke nan?"

"Ta cika ta tafi, Hajiya."

"Da takardun asibitinmu a ciki?"

"To takarda fasinja ce? Ambulan zai zauna mini a kujera, mutane na tsaye a rana? Wai daga ina kuke?"

"Daga Zamfara."

"Shi ya sa. Nan ko liman mota ba ta jira."

Direbobin da ke kan benci suka yi dariya. Inna ta lalubo hannuna. "Mi yac ce, ɗiyata?"

Na juya ga Makau, na roƙe shi ya kira direban. Bai musa cewa yana da lambarsa ba.

"Zai dawo bayan la'asar," ya ce. "In juyo da mutum shida daga hanya saboda ke? Ki sha ruwa, ki huta."

Shekara goma sha ɗaya ina koyarwa, ban taɓa ɗaga wa babba murya ba, kuma ban ɗaga ba a ranar. Ba dariyar ce ta ƙona ni ba. Sauƙin da Makau ya ɗauki abin ne, ga idon tsohuwa guda da ya rage, ga waya tana aljihunsa. Agogona ya nuna biyu da minti biyar.

Motar da ke layi ta cika, direbanta ya tayar. Na zaunar da Inna a inuwa, na gyara hijabina, na je na tsaya a gaban motar. Direban ya danna hon, fasinjoji suka leƙo ta taga.

"Hajiya, lafiya?" in ji Makau. Ya daina murmushi.

"Lafiya lau. Babu motar da za ta fita daga layin nan sai ka kira direban da ya tafi da takardunmu. A nan zan tsaya."