Tsohuwar Baba Obed

"Tallafo ta ƙasa, Malam Abdulsalami, kada ya kuɓuce," in ji Eunice.

Na tallafo ina nishi. Wallahi allon kwamfutar nan ya fi kan keken ɗinkina nauyi, ga ƙeya kamar tulu. Muka sauke shi daga tebur muka tura shi bayan ƙofa. Eunice ta farke kwali ta fito da sabo, shafaffe, siriri kamar faifai, ta jona masa waya. A bayan idon mai shagon muka yi wannan aiki, yana can asibiti ana ɗiga masa magani.

Mai shagon shi ne mahaifinta, Baba Obed. Bango ɗaya ya raba shagon ɗinkina da nasa a nan Birnin Kudu. Mutumin Zonkwa ne, aikin tafireta ya kawo shi garinmu tun ina yawo ba wando. Da ya yi ritaya sai ya buɗe shago yana buga wa mutane takardar neman aiki da katin biki da ƙorafin gona. Matarsa, Mama Sylvia, ta daɗe da rasuwa. Eunice na aikin jinya a Jos, daga Kirsimeti sai Kirsimeti. Shi kaɗai yake kwana a ɗakin bayan shago, shi kaɗai yake dafa shayinsa.

Kullum da safe in ya buɗe ƙofa sai ya leƙo ya ce, "Tela, bari in gai da tsohuwa." Sannan in ji ƙarar kunna kwamfuta. Ni kuwa in ce ya saki tsohuwar nan ya auro yarinya, ya ce da tsohuwar zuma ake magani. Shekara da shekaru wasanmu ke nan.

Amma tsohon allon nan yana cin idonsa, kowa ya gani. Haskensa rawa yake yi, ga wani tabo dishi-dishi a tsakiya wanda ko an goge ba ya fita. Kafin azahar idon Baba ya yi jawur, hawaye na bin kumatu, hankici ya jiƙe. Likita ya ce ko ya canza allo ko ya bar aikin. Shi ya sa Eunice ta yi takanas ta zo da kwalin.

Da Baba ya dawo ya ga sabon, bai yi faɗa ba. Ya shafa gefensa, ya sa wa 'yarsa albarka, ya tambaya ina tsohuwar. Aka nuna masa bayan ƙofa, ya ce a bar ta nan. Eunice dai ta san halin ubanta. A tasha ta ja ni gefe ta roƙe ni in rabu da abin nan, in ba haka ba tana juya baya zai mayar. Ba ta yi ƙarya ba. Sau biyu ina kama shi ya jona tsohon, yana zaune yana kallo yana tsiyayar hawaye, ba ma aiki yake yi ba. Haushi ya kama ni, na ce tsoho da taurin kai sai ka ce jaki a bakin rafi.

Ranar wata Lahadi yana coci, makullin shagon yana hannuna kamar kullum, sai ga mai sayen gwangwani da amalankensa. Na nuna masa tsohon allon na ce ya ɗauka kyauta, ya rage mana tarkace. Har daɗi na ji, wai ni na yi aikin lada.

Washegari Baba ya duba bayan ƙofa, ya fito ya tsaya a bakin shagona. Na gaya masa abin da na yi, har da ƙarin cewa wata rana zai gode mini. Ya zauna a bencina ya daɗe yana kallon titi, sannan ya ba ni labarin da bai taɓa ba kowa ba.

Ashe da Mama Sylvia ta rasu, hotonta ya sa a fuskar kwamfutar, tana sanye da farin ɗankwali. In babu mai aiki sai ya bar shi a kunne wuni guda. Shekara ta bi shekara har hasken ya ci gilashin, inuwarta ta zauna daram. Daga baya injin ya ƙone aka canza wani, hoton ya tafi, amma inuwar tana nan. Tabon da muke ta gogewa ke nan. Tsohuwar da yake gaisarwa ke nan, ni kuma ina ta cewa ya sake ta.

Na ce ai Eunice ba za ta rasa hoton uwarta a waya ba, a turo a sa masa a sabon, ya fito tar.

"Wancan hoto ne, Tela," ya ce. "Wannan kuwa zaman da ta yi da ni ne."

Sabon allon dai ya yi abin da aka saya shi dominsa. Jan idon ya washe, hawaye ya tsaya, har ƙananan rubutu yake karantawa ba ya matse ido. Shi da kansa ya ce idonsa ya huta. Sai dai ya daina leƙowa da safe. Ta bango ina jin ya kunna, shiru, sai ƙarar maɓallai. Wata rana na tambaye shi yaya sabon, ya ce lafiya lau, ya dai cika tsabta, ba kowa a ciki.

Na bi 'yan gwangwanin garin nan kaf, kowa ya ce ba shi ba ne. Ina cikin wannan nema hawan jini ya kayar da Baba a bakin famfo. Ya yi kwana shida a asibiti aka dawo da shi, ɓarin jikinsa ɗaya ba ya motsi, ganinsa ya koma hazo-hazo. Eunice ta zo ta zauna da shi. Ni kuwa kunya ta hana ni daɗewa a ɗakin, don duk na shiga sai ya juyo da kai kamar na zo da wani abu.

Sai a sati na uku wani ya ce mini mai sayen gwangwanin nan sunansa Ɗanbala, a Gwaram yake tara kayansa. Ina idar da sallar asuba na hau babur. Na same shi a wani kango, ya nuna mini tulin tarkace ya ce in duba da kaina. Na tone har na gano allon. Yaransa sun cire murfin, sun fasa ƙeyar sun zare jar wayar da ke ciki, saura gilashin gaba. Na ɗaga shi a rana, na karkata hagu, na karkata dama. Da suka fasa, iska ta shiga ta share hodar da ke manne a ciki. Babu ɗankwali, babu inuwa, sai gilashi mai ruwan toka. Na zauna a kan wata tsohuwar taya na yi kuka, Ɗanbala yana kallona kamar mahaukaci.

Duk da haka na naɗe shi a buhu na ɗaure a bayan babur. Da la'asar na shiga ɗakin na ajiye shi a kan kujera daf da gadon. Eunice ta buɗe baki, na girgiza mata kai. Baba ya ƙura ido, ya ƙura, bai ga komai ba.

"Tela, tana nan?"

"Tana nan, Baba."

Allah ya yafe mini. Ya miƙa hannunsa mai lafiya ya ɗora a kan gilashin, ya bar shi nan har barci ya ɗauke shi.

Kwana biyu bayan haka ya cika, da hantsi, Eunice na wanke masa kofi a waje. Mutanen cocinsu suka zo suka yi waƙoƙinsu a hankali, mu maƙwabta muka zauna a benci a ƙofar shago. Aka kai shi kusa da matarsa.

Da Eunice ta zo kwashe kaya ta ce in ɗauki abin da nake so. Na shiga ɗakin. An naɗe katifa, an share ƙasa, gilashin yana nan a kan kujera inda na ajiye shi. A kan ƙurar da ya kwaso daga Gwaram akwai shatin tafin hannu, yatsu biyar a buɗe.