Linzamin Babur

Hawan da ke bayan garken tumakin Ntate Mokhethi, wato Baba Mokhethi, ba wani abin a-zo-a-gani ba ne. Tsofaffin mata ma suna hawansa da buhun masara a ka. Amma a 'yan kwanakin nan ya gagari 'yarsa Puleng, ita da ke da babur mai tayoyi masu haƙora, wanda don irin wannan hanya aka ƙera shi.

Babur ɗin bai zama nata ba tukuna. Asibitin gunduma ne ya ba ta aro bayan ta gama horo a garin Mokhotlong, aka ce ta je gida hannunta ya faɗa. Yau da hantsi Mme Matumelo, wato Uwargida Matumelo, shugabar mahaya babur, za ta zo ta ga hawanta. In ta kai ƙoli ba ta faɗi ba, aikin kai jinin gwaji daga ƙauyukan tudu zuwa asibiti ya zama nata. In ta faɗi, a ɗora babur a bayan mota a kai wa wani.

Abin haushin, ranar da ta dawo da shi ta haye lafiya lau. Daga nan al'amari ya fara lalacewa. Ta murɗa totur, shiru. Ta ƙara murɗawa, shiru. Sai can ya zabura kamar an tsikare shi. A lanƙwasar da dutse ya yi matakala, inda ake so a ba shi wuta kaɗan a kan kari, nan yake mutuwa, ita kuma ta sha ƙasa. Kullum abin gaba yake yi. Puleng dama mai yawan zargin kanta ce. Ko kofi ne ya fashe a gidan maƙwabta sai ta tsaya tunanin ko ita ce ta gifta ta wurin. Saboda haka ba ta taɓa tuhumar babur ba. Ta ce tsoro ne ya shiga hannunta.

Da safen nan ko kunun motoho ɗinta ba ta iya shanyewa ba. Ta sa hular kwano ta fita gwaji na ƙarshe, ta isa matakalar, ta murɗa, babur ya yi tunani, ya yi tari, ya kwanta da ita cikin taɓo.

Tana kwance ta ji takun doki. Mahaifinta ne a kan Sefako, tsohon dokinsa, ya lulluɓe da bargo har haɓa.

"Ausi Puleng, barka da hutawa," in ji shi, da lakabin nan na 'yar'uwa da ake kiran 'yan mata da shi a nan. "Gadon gida ne ya yi miki tauri?"

"Ntate, don Allah ba yau ba."

"Sefako bai taɓa shan fetur ba, kuma bai taɓa kwanciya a nan ba. Ko na ara miki shi? Ki ce wa matar sabon samfuri ne."

Ta tashi ta ɗaga babur, idonta ya ciko. Da ya ga haka sai ya sauko, muryarsa ta yi laushi.

"Kina matsa masa ne. Abin hawa a kan dutse ba a ja masa linzami, sake masa ake yi ya nemi wurin taka ƙafa da kansa. Bari na ƙara sassauta miki."

Ya zura hannu cikin bargo ya fito da ɗan ƙaramin sifana.

Puleng ta kalli sifanan, ta kalli mahaifinta. "Ka *ƙara* me?"

"Linzamin mana. Ga shi nan." Ya nuna wayar da ta fito daga hannun totur. "Ranar da kika kawo shi na ga da kin taɓa sai ya zabura. Na ce wannan an ɗaure masa baki da yawa, zai jefar mini da 'ya a kwazazzabo. Da sassafe na sake masa kaɗan. Sai na ga kin faɗi. Na ce bai isa ba, na ƙara. Kika sake faɗuwa..."

"Ka sake ƙarawa."

"Kullum kafin ki tashi," ya ce, har da ɗan alfahari. "Ban so ki yi ta godiya ba."

Ta kama hannun totur ta juya shi a hankali, wannan karon tana kallo. Ya yi tafiya mai nisa fayau, ba ya jan komai, kafin ta ji wayar ta ɗauka. An koya musu wannan a horo, ta ma rubuta shi har da jan layi. Amma ta shagala da binciken laifin kanta har ba ta duba abin da ke cikin tafin hannunta ba.

"Ntate, wannan ba doki ba ne! Ba shi da ido, ba shi da hankali. In ban gaya masa ba, ba ya yin komai, kuma ta wannan wayar nake gaya masa!"

"To ai shi ya sa na ce ki ɗauki Sefako."

Can ƙasa a bakin rafi ƙarar mota ta taso. Mme Matumelo ta iso mashigi.

Puleng ta fizge sifanan. Ta janye robar da ta rufe wurin saitin, ta kwance ɗan notin da ke kulle shi, ta shiga juya dogon notin yana fitowa, wayar tana miƙewa. Haushi na cinta, sai ta yi ta juyawa har babu sauran sako-sako ko na gashi ɗaya. Ta ɗaure, ta tayar da inji. Ta karkata kan babur dama, lafiya. Ta karkata hagu, sai inji ya kwarma ihu shi kaɗai ba wanda ya taɓa shi. Sefako ya yi tsalle gefe, hular Ntate ta bi iska.

"Kin gani ko!" ya ɗaga murya yana bin hula. "Kin shaƙe shi!"

Ta kashe inji, ta ja numfashi. Ta sake kwance notin, ta mayar da saitin baya kaɗan-kaɗan, tana taɓa totur, har ya rage ɗan wasa kamar kaurin tsinken ashana kafin ya ɗauka. Ta kulle, ta mayar da roba. Ta tayar, ta juya kai dama, ta juya hagu har ƙarshe, muryar inji ba ta canja ba. Ta murɗa totur ta saki, ya koma da kansa, ƙwas.

Ntate ya leƙo ta kafaɗarta. "Ashe dai ana sake masa."

"Kaɗan, Ntate."

"Ni ma kaɗan na fara."

Mme Matumelo ta fito daga mota, mace gajera mai takalmin roba. Ta dubi taɓon da ke jikin Puleng tun daga hula har ƙafa.

"Ausi, jarrabawar kika fara ba ni, ko noma kike?"

"Gyara nake, Mme."

"To mu ga gyaran. Ina kwana, Ntate? Ka janye mana dokinka."

Puleng ta hau. Da ta murɗa sai babur ya amsa nan take, a hankali, daidai yadda ta nema. Ta wuce garke, ta wuce inda ruwa ya zaizaye. Matakala ta taho. Ta miƙe a kan matakan ƙafa, ta ba shi wuta ɗan kaɗan, tayar gaba ta hau, ta baya ta biyo. Sai da ta ga rufin ciyawar ƙauyen da ke ƙetare sannan ta gane ta kai ƙoli.

Da ta sauko, Mme Matumelo ta riga ta fito da akwatin sanyi daga mota tana ɗaure shi a bayan babur.

"Litinin za ki fara," ta ce. "Kuma ban da ke, kada kowa ya taɓa mini wannan babur."

"Wa zai taɓa?" in ji Ntate Mokhethi, yana gyara bargo. Ya zagaya babur, ya matsa birkin gaba sau biyu, ya ɗan ɓata fuska. "Amma Mme, wannan birkin bai yi tauri da yawa ba kuwa?"

Puleng ta zura sifanan cikin aljihunta, ta ja zif.