Akwatin Suhaibu a Siton Kudai

Ranar da aka garƙame siton kamfanin Alhaji Ma'aruf da ke unguwar Kudai a Makka, kowa da abin da ya dame shi. Direbobi na maganar albashi, masu ɗaurin kaya na maganar iƙama, wato takardar izinin zama, da neman sabon kafili da zai tsaya musu. Maharazu kuwa, wanda ya fi su duka daɗewa yana ɗaure wa alhazai tsarabar da za a aika gida, tsayawa ya yi yana kallon kwaɗon, domin a bayan ƙofar nan akwai akwatin Suhaibu.

Suhaibu abokin ɗakinsa ne, kuma ɗan garinsu Ɗambatta. Zazzaɓi ya kwantar da shi bayan aikin Hajji, bai tashi ba. Aka yi masa salla a Harami, aka binne shi a Makka, mutane suna ta cewa ya dace. Mahaifiyarsa, Inna Rabi, ba ta musa ba. Abu ɗaya ta roƙa, a aiko mata da tufafinsa. Ba ta ga gawa ba, ba za ta ga kabari ba, to ko rigar da ya sa ta samu ta riƙe. Maharazu ya ninke jallabiyoyinsa da hulunansa da tsohon bargonsa, bai wanke ko ɗaya ba, kamar yadda ta ce a yi. Ya gaya mata ta kwantar da hankalinta, amana ya ɗauka.

Akwai wata al'ada a kamfanin tun zamanin mahaifin Alhaji. Idan ma'aikaci yana da ɗan kayan da zai tura gida, sai ya ajiye a kusurwar sito, duk ranar da kwantena ta rage wuri a cusa masa kyauta. Da baki ake yi. A nan Maharazu ya ajiye akwatin da ya zuba tufafin a ciki. Akawun ofis ma sai da ya tambaye shi ko a yanka masa rasit, Maharazu ya dube shi kamar ya zage shi.

"Tsakanina da Alhaji sai an rubuta? Kai yaro ne."

Kwantenar ba ta tashi ba. Bashi ya ci kamfanin, kotu ta naɗa wani jami'i ya riƙe dukiyar, shi kansa Alhaji Ma'aruf ba shi da ikon ɗaukar tsinke a sitonsa. Jami'in ya saurari Maharazu cikin mutunci, ya karanto masa ƙa'idar da hukumar kula da karyewar kamfanoni ta kafa: duk mai cewa wani kaya nasa ne ya kawo shaida a rubuce, in babu, kayan sun shiga cikin abin da za a yi gwanjo a biya masu bin bashi. Maharazu ya ce tsofaffin riguna ne fa, wa za su biya? Jami'in ya ce ƙa'idar ba ta ware sabo da tsoho ba.

Sauran ma'aikata suka watse ɗaya bayan ɗaya, wasu Jidda, wasu gida. Ɗakin da suke haya ya zama nasa shi kaɗai, gadon Suhaibu yana nan babu katifa. Yakan dafa shinkafar mutum biyu bisa sabo, ya ci rabi, ya rufe rabi. Kaɗaici ya ishe shi ƙwarai, kuma ba shi da wanda zai gaya wa. Duk Juma'a Inna Rabi takan sa a kira mata shi, ta gaishe shi, ta tambayi zafin gari, sannan a ƙarshe ta ce, "Ya labarin kayan?" Shi kuma ya ce ana nan ana ƙoƙari. Har ta kai in ya ga lambarta gabansa ya faɗi.

Limamin unguwarsu ne ya haɗa shi da Manal, lauya, jikar wasu Hausawa da suka zo Hajji a ƙafa suka zauna. Hausarta ta tsaya a inda kakarta ta bar ta, sauran sai ta cike da Larabci.

"Ya ammi, nizam, babbar doka, ya ce kayan mutane a mayar wa mutane," in ji ta. "Ita wannan la'iha, ƙa'idar da aka karanto maka, hukuma ce ta rubuta ta a ƙarƙashin nizam. Ta ƙara sharaɗi wanda babu shi a sama. Za mu ce wa alƙali ya soke ta."

"Zai iya?"

"Shi ne abin da za mu gani."

Maharazu ya ɗauka za a kai shi gaban alƙali ya yi rantsuwa. Har sabuwar jallabiya ya goge. Ashe a ofishin Manal da ke Aziziyya za a yi zaman, ta kwamfuta, alƙali na can a wani ɗan murabba'i a fuskar kwamfutar, jami'in na wani, Alhaji Ma'aruf na wani daga gidan 'yarsa, ya rame har Maharazu bai gane shi da wuri ba. Alhaji ya faɗi gaskiya, ya ce akwatin ba na kamfani ba ne, kuma haka suke yi tun da can. Manal ta yi magana mai tsawo, tana buga biro a tebur. Alƙalin bai katse ta ba. Da ta gama ya yi nasa bayanin a natse, Maharazu yana tsintar kalma ɗaya yana rasa uku, amma ya ga lokacin da ta ajiye biron.

Bayan an kashe kwamfutar ta fassara masa. Alƙali bai ce ƙarya suke yi ba. Ya ma ce ya yarda akwatin amana ne. Sai dai kotunsa an kafa ta ne ta yi aiki da ƙa'idojin hukumar a shari'ar kamfanonin da suka karye, ba a ba ta ikon auna su ta soke ba. Mai son a rushe ƙa'ida, akwai wata kotun daban da ke duba ayyukan hukumomi, can zai je.

"To mu je can ɗin," in ji Maharazu.

"Za mu iya. Amma ya ammi, can sai an yi watanni. Gwanjo kuma sati mai zuwa ne. Na roƙi a dakatar, ya ce lokacin gwanjon ma la'ihar ce ta yanka."

Ya jinjina kai. Wannan wace irin shari'a ce, kowa ya yarda da kai amma ba mai iya miƙo maka abinka? Bai faɗa ba, don yarinyar ta yi iya yinta, kuma ko sisinsa ba ta karɓa ba.

Wani ɗan kasuwa mai suna Turki ya saye abin da ke siton gaba ɗaya, ko buɗewa bai yi ba. Maharazu ya bi sawu har ya gano inda aka kwashe kayan, ya tafi da niyyar ya sayi akwatin ko nawa ne. Ya tarar an riga an tantance. Barguna sababbi a gefe, dardumai a gefe, tukwane a gefe. Mai tsaron wurin ya ce ai tsofaffin tufafi ba sa ɓata lokaci a kansu, a buhu ake zubawa motar masu tsumma ta kwashe, kuma ta kwashe tun shekaranjiya. Ina take kaiwa? Ya ɗaga kafaɗa.

A hanyar komawa ya ratsa ta wurin masu sayar da gwanjon tufafi. Ya ɗaga wata jallabiya ruwan toka, tsayinta daidai da na Suhaibu, har wuyanta ya ɗan ci. Inna Rabi ba ta taɓa ganin kayan da ɗanta yake sawa a Makka ba. Ya daɗe riƙe da ita, mai kayan yana ta rage masa kuɗi ba tare da ya taya ba, sannan ya mayar ya ajiye.

Ranar Juma'a bayan la'asar waya ta yi ƙara. Bai bari ta kai ga tambaya ba, ya gaya mata komai, har da rasit ɗin da ya ƙi karɓa. Yana jin kukan awaki a bayanta.

"Wani zai sa su ke nan," in ji ta.

"Wataƙila, Inna."

"To Allah ya sa su rufa masa asiri." Ta ja numfashi. "Maharazu, na sauke maka. Ka yi abin da ɗa zai yi. Na san na takura maka da kira duk sati, ka yafe mini, ba zan ƙara damunka ba."

Ya buɗe baki zai ce ba damuwa ba ce, ta ci gaba da kira, ko ba maganar kaya. Kunya ta riƙe shi. Mutum da furfurarsa, ya roƙi tsohuwa mai makoki ta riƙa tambayarsa zafin gari?

"Ba komai, Inna," ya ce.

Ta sa masa albarka, yaran gidan suka karɓi wayar suka kashe. Ya zauna a bakin gado da wayar a hannu, sai a lokacin ya lura cewa tun da aka rufe siton, ita kaɗai ce take kiransa.