Kambas ɗin Malam Junaidu

A daidai ƙofar gidan Hindatu suka tare shi. Tana cikin zuba ƙullu a tanda, gari bai gama wayewa ba, sai ta ga maza biyu sun riƙe maƙwabcinta Malam Junaidu ta damatsa. Yana haki, zufa ta jiƙe singiletinsa sharkaf. Wansa, Alhaji Attahiru, ya ƙaraso daga baya da carbi a hannu.

"Wa ka korar ka, Junaidu?"

"Ba kowa, Yaya."

"To mi kaka gudu? Babban mutum da gemu, malamin asibiti, kullum safiya sai ka zuba a guje har Amarawa, mata na leƙen ka ta katanga. Jiya a masallaci anka ce mini iska sun taɓa ka."

"In na yi gudun nika samun barci, Yaya. Shi ke nan."

Hindatu ta san gaskiya ya faɗa. Katanga ɗaya ce tsakaninsu. Shi kaɗai ne ma'aikaci a ɗan asibitin unguwar, ga shekarar fari. An rufe iyaka, amma mata ba su fasa biyowa ta daji daga wajen Ƙonni ba, goye da yara masu ƙyanda da yunwa, alhali kwalaben magani sun daɗe da zama fanko. Wata safiya da ya tsaya shan ruwa wurinta, ya ce mata, "Fuskokin ɗiyan nan har gida suka biyo ni, maƙwabciya. In na yi gudu sai su tsaya baya su huta, ni ma in huta." Tun ranar take ajiye masa ruwa a ƙaramar randa, kuma ba ta taɓa tambayar zuciyarta dalili ba.

Ta gyara mayafi. "Alhaji, ai bai cutar da kowa ba."

"Masarki na ƙonewa, Hindatu," in ji Alhaji, ko duban ta bai yi ba.

A nan bakin titi aka sa shi ya cire kambas ɗinsa. Ya bi wansa gida ƙafa ba takalmi, kamar yaron da aka kamo daga wasa.

Alhaji ba mugu ba ne, shi ya riƙe Junaidu tun rasuwar mahaifinsu. Ya nemo rubutu, ya nemo hayaƙi, Junaidu ya sha, ya turara, bai yi musu ba. Yanzu da safe cikin babbar riga yake wucewa, a hankali, mutane na cewa alhamdulillahi Malam ya samu sauƙi. Hindatu kaɗai ke ganin yadda idanunsa suka faɗa in ya tsaya karɓar masa. Bayan sallar asuba takan ji takunsa ta bayan katanga, daga ɗaki zuwa rijiya, daga rijiya zuwa ɗaki.

Ranar da ta kasa daurewa, ta sunkuyar da kai ta ce, "Tsakar gidana da faɗi, Malam. In na fito da tanda ba kowa ciki. Ka zagaya ko kaɗan ne."

Ya yi murmushi, na farko cikin makonni. "Namiji cikin gidan bazawara da sassafe? Sai su ce ke ce iskar." Ya karɓi masarsa, ya juya zai tafi. "Na gode, Hindatu."

Bai taɓa kiran sunanta ba sai ranar.

Ranar Lahadi, kasuwa na ci, layin mata a asibiti ya kai bakin hanya, Junaidu ya yanke jiki ya faɗi da sirinji a hannu. Aka ce jininsa ne ya hau. Aka sa shi a akori-kura za a kai shi Sakkwato, ko Gwadabawa ba su kai ba motar ta juyo.

Daga bakin zaurenta ta ga an wuce da makara. Alhaji na gaba, hawaye na bin gemunsa, yana gaya wa na kusa da shi, "Mun gode Allah, cikin hankalinai ya cika." Hindatu ta cusa bakin mayafi a bakinta ta cije.

Da aka raba kayansa sadaka, riguna suka tafi, buta ta tafi, har rediyo. Kambas ɗin ne kowa ya ƙi, wai takalmin mai iska ne. Wani ya ɗora su kan katangar da ke tsakanin gidajen biyu.

Da safe, kafin ta hura wuta, ta sauko da su. Ta kife ɗaya a tafin hannunta, jan yashin hanyar Amarawa ya zubo. Ta jera su kusa da ƙaramar randar, bakinsu na duban titi, sannan ta zauna ta fara shafa wa tanda mai.