Takwaran Maigida

Ɗana ya ce wai a dazukan Amurka akwai wani shaho da aka laƙaba wa sunan wani Bature. Na ce to, sai me? Mu a ƙauyenmu, kusa da Bagwai, kakata Hure ce ta raɗa wa shaho suna, kuma ina alfahari da hakan.

Mijinta Iliyasu ɗan kokawa ne, saboda zafin namansa kowa Shaho yake ce masa. Ita kuwa Hure, kamar matan zamaninta, ba ta faɗin sunan miji. Shi ke nan tsuntsun ma ya shiga cikin alkunyar.

Shekarar babban fari gero ya ƙone a tsaye. Iliyasu ya tafi Kudu neman abinci, har wata daminar ta zagayo babu shi babu saƙo. Abin da ya rage wa Hure kaza ce da 'yan tsakinta, ga shaho kullum yana shawagi a kan gidan. In ya kawo sura maƙwabta su ɗauki ihun "Shaho! Shaho!" ita kuwa ta fito da muciya tana "Ga takwaran maigida! Ku kori takwaran maigida!" Kafin ta gama wannan dogon bayani ya yi gaba da ɗan tsako. Da tsokana mutane suka fara ce wa tsuntsun Takwara, har yau kuma sunan da muke kiransa ke nan.

Yayanta Muntaka ya gaji.

"Hure, mutumin nan ba zai dawo ba. Ki kira tsuntsu da sunansa, mu je gaban alƙali a raba auren nan."

"Yaya, ni matar aure ce," in ji ta. "Ko zai cinye 'yan tsakin duka, bakina ba zai faɗa ba."

Wata rana da hantsi tana dakan dusa sai ta ji yara a waje suna "Shaho! Shaho!" Ta zabura da taɓarya a hannu, ta duba sama, babu komai. A bakin zaure kuwa ga Iliyasu, ya rame kamar kara, da buhun garin rogo a ka.

Tana tsaye takwaran ya sauko ya sure ɗan tsako a gabanta. Ko taɓaryar ba ta ɗaga ba.

"Sannu da zuwa," ta ce. "Mai sunanka ya kusa ƙarar da mu."