Miliyan Ɗaya Ba Uku

Auta ta ajiye wayarta a kan tebur. "Mama, lambar nan fa tana rabuwa. Ɗari bakwai da hamsin da bakwai sau dubu ɗaya da ɗari uku da ashirin da ɗaya."

"Wayarki ce ta ruɗe," in ji Malama.

Lambar miliyan ɗaya ce ba uku. Tun da ita da mijinta Malam suka yi ritaya daga koyar da lissafi suka sa ta a gaba, wai sai sun tabbatar ba ta rabuwa da kowace lamba sai ɗaya da ita kanta. Da ganinta mara ce, biyu ba ta raba ta. Uku da biyar ma suka gaza. Haka suka bi lambobi ɗari da sittin da takwas na ƙasa da dubu waɗanda ba sa rabuwa, suna gwada raba ta da su, guda ɗaya duk Asabar, yau ita, mako mai zuwa shi, har shekara uku da 'yan kai. Ranar da suka gama har rawa Malam ya taka a falo, tsofai-tsofai da shi. Aikin ƙarshe ke nan da suka yi tare kafin ciwon mantuwa ya kama shi, shi ya sa take so Auta ta buga shi a sa a gilashi.

Malama ta ɗauki fensir don ta kunyata wayar. Ta raba lambar da ɗari bakwai da hamsin da bakwai har sau biyu, babu saura.

Ta buɗe littafin da suka yi aikin a ciki, ta nemo shafin wannan lambar. Makon Malam ne. An goge wurin an sake gogewa har takardar ta huje, a ƙasa kuma an rubuta "saura 1", babu aiki ko layi ɗaya. Duk shafukansa na bayan wannan haka suke. Ta duba kwanan wata: shekara ɗaya da rabi kafin su fara zuwa wajen likita.

A watannin nan ne take masa tsiya. "Malam, ka zama rago, ko nuna aiki ba ka yi. Da ɗalibina ne kai, da ka sha jan biro." Shi kuma sai ya yi dariya ya rufe littafin da sauri. Ashe mutum na nutsewa a gabanta, ita tana ba shi maki. Zuciyarta ta karye.

Ta same shi a kujerarsa ta bakin taga, ta durƙusa, ta ɗora littafin a cinyarsa.

"Malam, me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

Ya daɗe yana kallon hujin. Sai ya rufe shi da tafin hannu, ya waiga ƙofa, ya rage murya.

"Baiwar Allah, don Allah kada ki nuna wa matata. Za ta damu."