Awarar Pu Mai Rowa

Surukata, Mou Guilan, ba 'yar garinmu ba ce. Ni haifaffiyar bakin teku ce a Jiangsu, inda ƙasa take shimfiɗe kamar tabarma, kuma muke zuba sukari har a romon kifi. Ita kuwa daga Landu ta zo, wani ƙaramin gari da ke maƙale a jikin dutse a gaɓar babban kogi, can yamma. Shekarar da aka tare kogin da madatsa, ruwa ya hau ya shanye garin, aka rarraba mutanensa wurare daban-daban. Ita da mijinta da ɗansu Kui, wanda daga baya na aura, rabonsu ya faɗo a ƙauyenmu. Aka ba su gida da gona. Mijin bai daɗe ba ya rasu. Ita kuma ta zauna sama da shekara ashirin tana cin abincinmu tana mita, wai mutanen nan ko ruwan wanka aka ba su sai sun nemi sukarin zubawa.

Bara waccan aka yi mata aiki a ciki. Ciwon ya warke, amma cin abinci ya gagara. Na dafa kunun shinkafa, na turara kifi, na yi mata miyar kaza da citta, duk sai ta ɗanɗana ta ture. Riguna suka fara yi mata yawa. Likita ya ce ba abin da ya gani, abinci kawai jikinta yake nema.

Wata safiya ina share ɗakinta, tana zaune a bakin gado tana kallon taga, sai ta fara ba ni labarin wani mai awara. Ta ce in ka sauka daga kwale-kwale a Landu, ka hau matakalar dutse har numfashinka ya fara sarƙewa, a nan saman za ka tarar da rumfar Pu. Awararsa ba irin wadda ake matsewa a yanka ba ce. Mai laushi ce, fara sol, tana rawa a cikin ruwanta, amma in ka sa tsinken cin abinci ka ɗauka ba ta fashewa. Ana tsoma ta a man barkono da masoro, a ci da shinkafa. Ta ce duk garin Pu Mai Rowa ake ce masa, saboda da wani ɗan mitsitsin cokali yake auna man barkonon, kuma in ka ce ya ƙara sai ya zama kurma.

"Ita kaɗai nake jin zan iya haɗiyewa," in ji ta.

Na jiƙa waken suya, na markaɗa, na tace, na dafa, na daskarar da ita yadda ta kwatanta. Ta kai baki sau ɗaya, ta ƙara, sannan ta ajiye tsinken a hankali ta ce, "Kin yi ƙoƙari, 'yar nan." Da ta zage ni ma da ya fi mini sauƙi.

Na yi wa Kui maganar tafiya Landu da ita, neman awarar. Yana aiki ne inda ake ƙera jiragen ruwa, kuma lokacin aiki ya yi musu yawa. Ya ce ba za a ba shi hutu ba. Na san da gaskiyarsa, na kuma san ko da an ba shi ba ya son ganin ruwan nan, don bai taɓa komawa ba tun da suka baro. Likita ya yarda, na rufe shagon ɗinkina, muka hau jirgin ƙasa ni da Mama, kamar yadda nake kiran surukar tawa.

A Wuhan muka canja jirgi. A bakin tasha wata mata tana juya taliya da markaɗaɗɗen riɗi da yankakken ganye mai tsami. Mama ta tsaya ta shaƙi ƙamshin, ta ce to, mun fara shigowa ƙasar masu harshe. Ta ci kusan rabin kwano a tsaye. Ni dai na kau da kai, don kada ta lura ta daina.

Akwai sabon Landu a saman dutsen, mai dogayen benaye da faffaɗan titi. Mama ba ta ko kalli benayen ba. Ta ja ni har ƙarshen titi inda aka yi shingen ƙarfe, ta tsaya tana duban ƙasa. Ruwa ne kore, mai faɗi, kwance lum. Wani jirgin 'yan yawon buɗe ido yana wucewa, ana kiɗa a cikinsa. Ta ɗaga hannu ta nuna wani wuri a tsakiyar ruwan, sannan ta mayar da hannun aljihu.

Shagunan awara sun cika titin, kowanne da allonsa yana cewa shi ne na asali. Muka bi su ɗaya bayan ɗaya. A wani ta ce wake ya ƙone, a wani ta ce wannan ai farin ruwa ne, a wani kuma ko zama ba ta yi ba, ƙamshin man kawai ta ji ta juya. Masu shagunan yara ne a wurinta, ba wanda ya san Pu. Sai wata tsohuwa mai sayar da ganye mai tsami a bakin kasuwa ta ji yadda Mama take lanƙwasa harshe, ta riƙo hannunta ta tambaye ta ko 'yar tsohon gari ce. Suka daɗe suna lissafa matattu. Daga ƙarshe tsohuwar ta ce Pu yana nan da ransa, amma Guangdong aka kai su, wani gari kusa da Zhaoqing. Ta sa aka nemo mana lambar 'yarsa.

Na zaci Mama za ta ce mu koma gida, don tafiyar ta fara nunawa a ƙafafunta. Ta ce in je in yanko tikitin kudu.

Guangdong zafi da gumi, ga abinci duk turare-turare, ba yaji ko kaɗan. A masaukinmu aka kawo kunun shinkafa da yankakken kifi. Mama ta ce abincin majinyata ne, sannan ta tuna ita ma majinyaciyar ce, ta sha.

Shagon su Pu yana cikin wani lungu, bayan kasuwar kayan miya. 'Yar Pu, Yanqiu, ita ke riƙe da shi. Na gane ta da murya, don mun yi waya. Tana ɗibar awara daga wata babbar tukunya, tana kwarara mata ruwan sukari da citta, mutane sun yi layi. A can ciki wani tsoho yana zaune a kujerar gora yana tsince wake a faranti, hannunsa na dama yana karkarwa. Mama ta ratsa layin ta je ta tsaya a kansa.

"Pu Mai Rowa, ashe kana nan. Sukari nake gani a kan awara, ko idona ne ya lalace?"

Ya ɗago ya daɗe yana kallonta. Sannan ya ajiye farantin.

"Guilan ta gidan masu kwale-kwale," ya ce. "Tsufa ya cinye ki, amma ya bar bakin."

"Kai ma ai ya bar maka kunnen. Da can ba ka ji."

Yanqiu ta kawo kujeru da shayi. Pu ya ce shekararsu ta farko a nan ya yi ta yin awara irin ta gida, mutanen garin suka zo suka ɗanɗana, suka tafi suna tari suna share hawaye, ba wanda ya dawo. Ya ce mutanen nan ko daga nesa ka nuna musu barkono sai sun nemi ruwa. Ga mata ba lafiya, ga yarinya a makaranta, sai ya leƙa abin da maƙwabta suke yi ya bi sahu. Ya ce shi kansa bai taɓa cin cikakken kwano na mai sukarin ba. Mama ta ce ai gara da bai ci ba, da ta tafi ba ta gaishe shi ba. Ya tambayi mijinta, ta gaya masa. Ta tambayi matarsa, ya gaya mata. Suka ci gaba da shan shayi. Da za mu tafi ya ce mu dawo da sassafe, zai jiƙa wake na musamman.

Da gari ya waye muka tarar ya sa an fito da dutsen niƙa tsakar gida. Yanqiu ta raɗa mini cewa ranar da za su baro Landu, babanta ya bar gadonsa da akwatin tufafinsa, ya ce dutsen nan ne zai hau mota. Tun da ta sayi injin markaɗe ba a ƙara taɓa shi ba. Hannun Pu ba ya iya juya shi shi kaɗai, sai Mama ta naɗe hannun riga ta kama sandar tare da shi. Na ce ta bari saboda ɗinkin cikinta, ta ce in yi abin da aka sa ni. Ni aka sa zuba wake da ruwa a ramin dutsen, kuma duk su biyun suka haɗu a kaina, wannan ya ce na cika ruwa, waccan ta ce na cika wake.

Ya tafasa madarar waken, ya sauke, ya riƙa zuba ruwan daskarewa kaɗan-kaɗan yana shafa saman da bayan ludayi, har fararen curi suka fara tasowa suna haɗuwa. Ya danna su a hankali da matankaɗin gora. Ya soya barkono ya daka da masoro da tafarnuwa, ya kwarara tafasasshen mai, ƙamshin ya sa ni atishawa. Da aka zauna, Mama ta miƙa ɗan kwanonta tana murmushi, tana jiran ƙaramin cokalin. Sai Pu ya turo mata kwalbar gaba ɗaya.

"Zuba son ranki," ya ce. "Wa zan ajiye wa?"

Murmushin ya bar fuskarta. Ta zuba kaɗan, daidai abin da na tabbata shi yake zubawa a da.

Suka ɗauka, suka tsoma, suka kai baki. Ni ma na ci. Ban taɓa cin awara irinta ba, laushi da garɗin wake, ga masoron ya sa leɓena suna zir-zir. Na ɗago in yaba, sai na ga ba wanda yake kallon wani a cikinsu.

"Ba ita ba ce, ko?" in ji Pu.

"Ba ita ba ce."

Ya gyaɗa kai. Ya ce ya sani tun kafin ya jiƙa waken. A Landu da ruwan ɗacin rijiyar gishiri da ke bayan haikali yake daskarar da ita, ruwan jiƙo kuma daga idon ruwan da ke fitowa a ƙarƙashin matakala. Ya ce ya gwada na kanti, ya gwada wanda aka aiko masa daga wurare, har ruwan sama ya tara, bai samu ba. Wani lokaci yakan yi mafarki yana ci, ya farka da yawu a baki.

Sai ya tambaye ta ko ta je. Ta ce daga can muke. Ya tambaya ko ana ganin wani abu, ko da saman babbar bishiyar nan ta bakin mashayar kwale-kwale. Ta ce ba a ganin komai, ruwa ne kawai, jirage suna bi ta kai. Ya ce shi bai je ba, kuma ba zai je ba.

Ban san wanda ya fara ba, sai na ji suna hawa matakalar da baki. Daga mashaya sai mai sayar da igiya, sai gidan shayi inda tsofaffi suke kwana a zaune, sai matar nan mai gasa dankali da ta auri maza uku duk masu suna ɗaya. Kowane gida sai sun tsaya sun faɗi mai shi, da abin da yake dafawa, da inda aka kai shi. Da suka iso shagon wanzami sai gardama ta tashi. Mama ta ce yana hannun hagu in kana hawa, Pu ya ce dama, shi da ya yi shekaru yana kallon ƙofar daga rumfarsa. Ta ce ai shi kuɗin mutane yake kallo, ba ƙofa ba. Suna cikin wannan na ga kwanon Mama ya ƙare. Ta miƙa wa Yanqiu ba tare da ta daina magana ba, aka ƙaro mata, har da shinkafa.

Mun yi kusan mako a garin. Kullum da safe su biyun suna juya dutse, kullum su ci su ce ba ita ba ce, kuma ba sa ragewa. Ranar da za mu tafi Pu ya rako mu har bakin lungu, iyakar inda ƙafarsa take kai shi. Ba su yi wata doguwar sallama ba. Ya ce ta gaishe da yaron, ta ce ya rage zama a iska.

Mama ta murmure bayan mun dawo. Yanqiu ta koya wa babanta kiran waya mai hoto, duk ƙarshen mako sai sun kira juna, su ɗora gardamar wanzami daga inda suka tsaya. Sun tambayi Kui, ya ce shi yaro ne lokacin, abin da ya tuna kawai kukan da yake yi in za a yi masa aski. Sun nemi wasu 'yan garin, wasu suka ce hagu, wasu dama, da yawa kuma lambarsu ta daina shiga.

Pu ya rasu a farkon bazarar bana. Yanqiu ce ta kira ni, ni kuma na shiga na gaya wa Mama. Tana tsince wake a lokacin. Ba ta yi kuka ba, ta ci gaba da tsincewa har ta gama. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, ta yi ta tunani kwanakin nan, kuma tana jin kamar a dama shagon yake. Ta ce da ma ranar Asabar take shirin gaya masa.